Abin da Aka Ji Daga Baranda

Asabar, da hantsi

Yaya Alto ba ta zo ba yau. Tun da na shiga ajin ƙarshe na sakandare take zuwa duk Asabar ta koya mini lissafi, ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na goge teburin cin abinci, na fiƙe fensir, na zauna ina jira har Mama ta ce in tashi in taya ta shanya. Na ce mata wataƙila karatu ne ya sha kanta, tunda jarrabawarsu ta fita daga kwaleji ta matso. Mama ta ce haka ne.

Ba karatu ba ne.

Malamarmu ta ce duk mai rubuta abin da ke faruwa da shi, ya rubuta gaskiya ko ya bar takardar fara. Zan rubuta gaskiya. Amma akwai abu ɗaya da ba zan sa a nan ba, domin ba nawa ba ne.

Asabar, da yamma

Bari in faɗi abin da ya faru jiya, ko ƙirjina ya yi sauƙi.

Baba ma'aikacin zumuntar ɗalibai Kirista ne a kwalejin da ke tsallaken titinmu. Ba fasto ba ne, ba ya kuma koyarwa a aji, amma duk ɗaliban Malam suke ce masa. Ran Jumma'a da yamma sukan cika barandarmu don nazarin Littafi Mai Tsarki. Kafin a fara, mai damuwa yakan shiga ɗan ofishin Baba, ɗakin da tagarsa ke kallon baranda. Baba yana da doka: in mace ce ta shigo, ƙofa a buɗe, taga a buɗe. Ya ce mai aikin Allah ba ya ba mutane abin faɗa. Duk sabon shugaban zumunta da aka zaɓa, ita ce dokar farko da yake koya masa.

Jiya Yaya Alto ta zo da wuri. Muryar alto take yi a ƙungiyar mawaƙa, shi ya sa sunan ya bi ta. Kullum in ta shigo sai ta ja mini kunne ta ce, “Auta, yau mutum nawa kika yi wa magana? Ban da kyanwa.” Jiya ta wuce ni kamar ba ta san ni ba. Ta daɗe a ofis. Ina ta wucewa da kofuna ta bakin ƙofar, ban ji komai ba sai jan hanci. A hankali take magana, kamar mai tsoron kada bango ya ji.

Sai Baba ya ce, “Mu yi addu'a.”

Duk wanda ya san Baba ya san muryar addu'arsa. Ya yi shekaru yana wa'azi a manyan ɗakunan lacca ba lasifika, har muryar ta saba. In hira yake yi, daga kicin ma ba ka jin sa. In ya rufe ido kuwa, har mai shagon kusurwa yakan ce amin. Mama takan ce, “Malam, Wanda kake yi wa magana ba kurma ba ne.” Sai ya yi dariya ya ce shi bai ji ya ɗaga murya ba. Kuma ba ya addu'a a dunƙule. Yakan ce ba a zuwa wurin likita a ce “ba ni da lafiya” kawai, sai a nuna inda ke ciwo.

To, ya nuna inda ke ciwo. Abin da ya faru, da lokacin da ya faru, da matsayin wanda ya yi. Duk abin da ta raɗa masa ya maimaita wa Allah, yana kuka dominta.

Ina tsaye a bakin falo da faranti a hannu. A baranda samari uku suna jera benci. Sai na ji ƙarar benci ta tsaya.

Da aka ce amin, benci ya ci gaba da ƙara fiye da dā. Yaya Alto ta fito ta bi ta ƙofar baya, ba ta tsaya nazari ba. Baba ya fito yana goge ido da hankici, ya ce, “Auta, ina shayin mutane?” Mama tana asibiti a bakin aiki, ba ta ji komai ba.

Lahadi, bayan sujada

Ba ta zo ba. Waƙar ta yi rami a tsakiya. Sakatariyar zumunta, wadda suke ɗaki ɗaya da ita a hostel, ta ce ciwon kai take yi.

Na roƙi Allah ya kama bakin samarin nan. Ɗaya daga cikinsu Mai Jita ne, wanda ke kaɗa wa mawaƙa jita, kuma abin da ya shiga kunnen Mai Jita ba ya kwana a ciki.

Talata, bayan makaranta

Na je shagon da ke bakin ƙofar kwaleji a ɗaukar mini hoton tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Waɗansu 'yan mata biyu suna jira a bayana. Ba 'yan zumunta ba ne, ban taɓa ganinsu ba. Ɗaya ta ce, “Wai doguwar nan mai waƙa?” Ɗayar ta ce, “Ita fa. Ai masu sunkuyar da kan nan su ake tsoro.” Sai ta faɗi abin. Amma ta yi masa ƙafa da wutsiya, ta juya shi har ya zama kamar Yaya Alto ce ta je ta nema.

Na bar takarduna a kan injin na fita. Mai shagon ya biyo ni da su har titi yana cewa, “'Yar Malam, lafiya?”

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Shugaban zumunta ya zo muna gama cin abinci. Ko zama bai yi sosai ba ya ce, “Malam, maganar Alto ta cika hostel. An rubuta mata wani abu da alli a ƙofar ɗaki. Tun Litinin ba ta shiga aji ba.”

Baba ya miƙe tsaye. Ya ce, “Ta yaya? Da bakinta ta ce mini mutum biyu kaɗai ta gaya wa a duniya. Ni da Sakatariya.”

“To, Malam…”

“Ni ko matata ban gaya wa ba.” Ya juya wajen Mama. “Na gaya miki?”

Mama ta ce, “Har yanzu ban ma san a kan me ake magana ba.”

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Baba bai taɓa fitar da maganar ɗalibi ba. Akwai lokacin da wani uba ya zo har gida yana buga tebur a gaya masa abin da ɗansa ya ce, Baba ya ba shi ruwa ya raka shi ƙofa. Shi a wurinsa addu'a ba magana da mutane ba ce. In ya rufe ido, shi da Allah ne kaɗai a ɗakin.

Shugaba ya ce, “Ke nan saura mutum ɗaya.” Ya ce kwamiti zai zauna a kan Sakatariya ran Jumma'ar sama, bayan an yi bincike.

Cokali ya suɓuce mini. Baba ya ce, “A hankali, Auta.”

Alhamis, da sassafe

Yau zan gaya masa.

Alhamis, da yamma

Na tsaya a ƙofar ofis yana shirya darasin gobe. Ya ɗago ya ce, “Me ake so, Auta?” Na ce biro zan ara. Yanzu ina da biro huɗu.

Ban taɓa gyara wa Baba magana ba. Sau ɗaya aka taɓa ba ni aya in karanta a gaban jama'a, na tsaya da littafi a hannu har malamar da ta ba ni ta karanta da kanta. Da wane baki zan ce wa mutumin da ke tashi da asuba yana kiran sunan ɗalibansa ɗaya-ɗaya a gaban Allah, wai addu'arsa ce ta yi wannan?

Jumma'a, bayan nazari

Baranda ta cika fiye da kullum. Ban yi tsammanin duka nazari suka zo ba. Sakatariya ta zauna a ƙarshen benci. Littafin waƙa bai isa ba, an saba mutum biyu su haɗa ɗaya, amma ba wanda ya matso kusa da ita.

Ina wanke kofuna a famfon baya sai ga Mai Jita. Ya ce zai wanke hannu, amma bai taɓa ruwan ba.

Ya ce, “Auta 'yar gidan Malam. Ran nan kina ɗauke da faranti, ko?”

Na gyaɗa kai.

“Mu dai benci muke jerawa. Benci kuwa ƙara gare shi, ba a jin komai. Ai kofuna ma haka suke.”

Na ce, “Ka san ba Sakatariya ba ce.”

“Me kika ce? Ɗaga murya, 'yar ƙanwata.”

“Ba komai.”

“Yawwa. Kin ga, in aka tona, ba ni za a fara riƙewa ba. Wa ya buɗe taga? Dattawan da suka ba babanki aikin nan ba sa wasa da sirrin ɗalibi. Ki yi tunani.”

Ya tafi yana fito. Na sake wanke kofunan da na riga na wanke.

Asabar, da hantsi

Ban goge teburin ba yau.

Lahadi, da safe

Baba ya ce gidan nan azumi za mu yi saboda Yaya Alto. A addu'ar safe ya roƙi Allah ya warkar da ita, ya kuma tona mai sakin baki, ba don a hukunta shi ba, sai don ya tuba. Ya yi ta maimaitawa, ya tona shi, ya tona shi.

Ban ce amin ba. Mama ta buɗe ido ɗaya ta dube ni.

Litinin, da yamma

Na gwada ta wurin Mama. Ta dawo daga aiki ta sa ƙafa a ruwan ɗumi. Na ce, “Mama, in mutum ya yi ɓarna bai sani ba, a gaya masa?”

Ta ce, “Me kika fasa?”

“Ba ni ba ce.”

“Kullum ba ke ba ce, kyanwa ce. In tangaran ɗin nan na baƙi ne, ki faɗa tun yanzu kafin in gani da idona.”

Na ce ba abin da ya fashe. Ta ce to madalla, in miƙo mata tawul. Kafin in dawo barci ya ɗauke ta a kujera.

Gobe.

Talata, ƙarfe biyar

Sakatariya ta zo ganin Baba. Ƙofa a buɗe, taga a buɗe. Na ji duka, domin yau ba raɗa take yi ba.

Ta ce, “Malam, ko a mafarki ban faɗa ba. Ni nake goge allin nan kowace safiya kafin ta tashi.”

Baba ya ce, “'Yata, ban ce da mugunta kika yi ba. Wataƙila wata kika ce ta taya ki addu'a, magana ta zame. Duk mukan yi kuskure. Ki tuna da kyau. In kika amsa, ni zan tsaya miki a gaban kwamiti.”

“In amsa abin da ban yi ba?”

“Ki je ki yi tunani a gaban Ubangiji.”

Muryarsa da taushi. Da faɗa ya yi mata, da ya fi mini sauƙi.

Na raka ta bakin get, tunda haka aka koya mini. Ta tsaya tana gyara takalmi, ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Auta, ke ma kin yarda ni ce?” Na girgiza kai. Ta ce, “To, ke da Allah. Kun zama biyu.” Ta yi ƙoƙarin dariya.

Na buɗe baki. Wata mota ta wuce da ƙara. Kafin ta gama wucewa na rufe.

Laraba, a aji, lokacin hutu

An raba takardun gwajin lissafi. Da malamin lissafi ya ga makina, ya tambaye ni ko wani ya rasu a gidanmu.

Alhamis, da yamma

Na tsallaka titi na shiga kwaleji ni kaɗai, abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauki laimar da Yaya Alto ta manta a gidanmu, don in sami abin cewa. Hostel ɗin dogon gini ne mai warin sabulu da kananzir. Ban tambayi kowa ɗakin ba. Ƙofarsu ce kaɗai aka goge har fenti ya kode.

Sakatariya ta leƙo ta ce Yaya Alto barci take yi. Ta gefen kafaɗarta na hango bayan Yaya Alto, ta juya wa bango fuska, da akwati a buɗe a ƙasa, rabi cike.

Sakatariya ta jawo ƙofar, ta raɗa mini, “Jibi da safe za ta tafi gida. Litinin ake fara jarrabawa. Na yi roƙo har na gaji. Ta ce ba za ta iya shiga ɗaki mai cike da idanu ba.”

Na ce, “In ba ta rubuta ba fa?”

“Duk shekarun nan sun tafi a banza. Ta ce ba za ta sake taka wurin nan ba.” Ta karɓi laimar. “Ba ta san zancen kwamiti ba, wayarta a kashe take. Kada ki kuskura ki gaya mata. Wanda ke kanta ya ishe ta.”

Yau da daddare zan gaya wa Baba. Kwamiti gobe ne.

Jumma'a, da asuba

Jiya Baba ya dawo a gajiye, ya ce kansa na sarawa.

Wannan ba dalili ba ne. Na sani.

Jumma'a, da magariba

Sun zauna a falonmu. Ina kicin, ƙofar ba ta rufuwa sosai. Shugaba ya ce an tambayi mutane da yawa, kowa ya ce a wurin wani ya ji, ba a kai ga tushe ba, amma hankali ya nuna. Aka tambayi Sakatariya ko tana da abin cewa. Ta ce ta riga ta faɗa. Aka ce ta huta daga aiki har sai ta shirya yin gaskiya, kuma ran Lahadi za a sanar a taron zumunta.

Na ji ƙarar makullan kabad ɗin zumunta a kan tebur. A hankali ta ajiye su.

Hannuna yana kan ƙofar kicin tun daga farko har ƙarshe. Turawa kawai ya rage.

Sannan suka yi mata addu'a.

Asabar, da rana

Zan rubuta tun ban manta ba.

Da gari ya waye na sami Baba a baranda yana karatu. Na tsaya a gabansa. Maganar ta sake maƙalewa kamar kullum. Sai na ce, “Baba, don Allah ka koma kan bencin can na ƙarƙashin taga. Kada ka tashi.” Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Wane wasa ne wannan da sassafe?” Amma ya koma.

Na shiga ofis. Na bar ƙofa da taga yadda yake barinsu. Na durƙusa inda yake durƙusawa, na rufe ido, domin in ido a rufe yake ba na ganin kowa. Na fara faɗin addu'arsa ta ran nan da muryata, wadda kowa ke cewa ba a ji. Farkon kawai na faɗa, inda ya ce ga 'yarka ta zo da nauyin da ta daɗe tana ɗauke da shi ita kaɗai. Na faɗi jimla ta biyu. Da na iso inda ya fara nuna ciwon, na tsaya.

Shiru. Ko shafin littafi ban ji ba.

Da na fito yana zaune yadda na bar shi, littafin a ƙasa. Ya ce, “A ina kika ji wannan?” Na nuna bakin falo. Ya ce, “Su wa ke nan wurin?” Na ce masu jera benci. Ya dubi tagar. Tazararta da kansa ba ta kai tsawon hannu ba.

“Duka na faɗa?”

Na gyaɗa kai.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun ranar.”

Na ɗauka zai tambaye ni me ya sa na yi shiru. Bai tambaya ba. Mama ta fito da buroshi a baki, ta dube shi, ta dube ni, ta cire buroshin. Baba ya ce, “Ni ne. Ni na fitar.” Na gaya masa yau da safe Yaya Alto za ta tafi gida, ya ce, “Ƙarfe nawa motarta?” Ya ce in sa takalmi, ba zai je ya same ta shi kaɗai ba.

A tasha mun same ta zaune a kujerar baya ta wata doguwar mota, an riga an ɗaure akwatinta a sama. Ta rame. Da ta gan mu ta sauko, ta rusuna ta gaishe shi kamar kullum. Baba ya cire hula. Ga masu talla, ga masu kiran fasinja, amma da ƙyar nake jin sa. Ya gaya mata ba Sakatariya ba ce, ba kowa ba ne, shi ne, a cikin addu'a, taga a buɗe.

Ta ce, “Na sani, Malam.”

Baba ya ɗago ya dube ta.

“Kana farawa na buɗe ido, na ga labule yana kaɗawa, na ga kan mutum. Na so in ce, Malam, a hankali. Amma wa yake katse addu'a? Sai na rufe ido na jira amin.”

Ya ce, “Me ya sa ba ki gaya mini daga baya ba?”

“In ce me? Kuka kake yi domina.”

Ta dube ni a lokacin, na sunkuyar da kai. Baba ya roƙe ta gafara. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ya roƙe ta ta zauna ta rubuta jarrabawa. Ta ce, “Malam, kai kana iya tsayawa gaban mutane. Ni ba zan iya ba.” Direba ya buga ƙaho. Ta sa ƙafa ɗaya a mota.

Sai ta juyo. “Me ya kawo sunan Sakatariya a ciki?”

 Ni na faɗa. An hana ni, amma na faɗa: an ce ita ce, jiya kwamiti ya cire ta, gobe za a sanar a gaban kowa. Ban san muryata na iya kaiwa haka ba, har wata mata a cikin motar ta leƙo.

Yaya Alto ta ce, “Jiya? Jiya da ta dawo ta taya ni ninke kaya tana ba ni dariya? Yau ita ta ɗauko mini akwati har nan.” Ta sauke ƙafarta. “Kun zauna, ku duka, kun cire ta?”

Baba ya ce, “Mun cire ta.”

 Sannan ta ce wa direba a sauke mata akwati. Ya fara mita, wai an riga an ɗaure, wai mutane ba su san abin da suke so ba. Ta ce, “A kwance.” Baba ya miƙa hannu zai karɓa, ta riga shi.

Ta ce, “Ba don kai ba ne, Malam, ka yi haƙuri. Kuma ban ce zan rubuta ba. Wurinta zan je.”

Ta ɗora akwatin a ka ta tafi. Muka dawo gida a ƙasa, ni da Baba. Sai a bakin get ya dafa kaina, ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

Lahadi, da yamma

A taron zumunta, lokacin sanarwa, Shugaba ya miƙe, Baba ya ce ya zauna. Ya gaya musu shi ne. Bai taɓa abin ba ko da kalma ɗaya, yadda ya fita kawai ya faɗa. Ya ce dokar da ya yi don kare sunansa ita ta tona na wata, kuma ya zauna ya hukunta marar laifi. Ya ce waɗanda suka ji suka yaɗa sun san kansu, ba zai kira suna ba. Mai Jita yana ta gyaran wayar jitarsa, bai ɗago ba.

Yaya Alto ba ta zo ba. Sakatariya ta zo. Baba ya je har inda take ya miƙa mata makullan da hannu biyu. Ta ce, “Ka riƙe tukuna, Malam.” Ya riƙe.

Dattawa sun kira shi ran Laraba. Shi da kansa ya buga musu waya. Mama ta ce duk abin da suka yanke, za mu ci abinci dai.

Gobe ƙarfe takwas ake shiga jarrabawa. Baba ya ce kada wanda ya kira ta, kada wanda ya aika mata saƙo. An yi mata magana da yawa, ya isa.

Litinin, bayan makaranta

Ba ta nan hanyar makarantarmu take ba, amma na bi ta ƙofar kwaleji. Na tsaya a bayan shagon hoton takardu, inda ake hango matakalar babban ɗakin jarrabawa. Ɗalibai suna ta shiga. Aka buga ƙararrawar farko. Matakala ta fara raguwa. Na san an riga an rufe get ɗin makarantarmu.

Sai ga su daga wajen hostel. Sakatariya ta riƙe mata wuyan hannu kamar mai kai yaro allura. Waɗanda suka rage a matakala suka juyo, wata ta taɓa wata. Yaya Alto ta tsaya cak a ƙasan matakala. Na ga Sakatariya ta ce mata wani abu a kunne. Ba ta motsa ba. Mai tsaron ƙofa ya duba agogo, ya tura ɓangare ɗaya na ƙofar ya rufe.

Ta zare hannunta daga na Sakatariya. Ta hau ita kaɗai, ta tsakiyarsu, tana kallon gaba.

Ta shiga.

An sa ni sharar bayan aji saboda makara. Na share har inda ba a ce ba.